Ranar da Inna ta gwada zaman jirgi

Wata Asabar ce, ganyen itatuwa ya gama zuba, a shekarar da na shiga aji huɗu. Na fito bayan sallar asuba na tarar da Inna, kakata ta wajen uba, zaune a kujerar cin abinci a tsakiyar falonmu na garin Sterling, a jihar Virginia ta Amurka. Ta sa zaninta na fita unguwa, ta ɗaure ƙugunta da gyale haɗe da bayan kujerar, carbi a hannu. Ta ce, "Ke 'yar Amurka, zo nan. Yau ke ce mai rabon abinci a jirgi."

Inna ta zo daga Maradi ne jegon haihuwar ƙanena, da niyyar wata uku. Sai ciwon zuciya ya kama ta, ƙafafunta suka riƙa kumbura, likita ya ce ba za ta jure dogon zaman jirgi ba. Haka ta shekara biyu a wurinmu, tana shanya yankakkiyar kuɓewa a bakin taga, tana koya mini ajami a allo in na dawo makaranta, jirage kuwa suna wucewa ta kan rufinmu wuni guda. Burinta ɗaya ne, ta koma gida a binne ta kusa da mijinta. Baba, wanda kullum yake kai mutane filin jirgi a taksinsa, ya yi mata lissafi: wajen awa takwas daga Washington zuwa Paris, a jira, sannan wasu biyar ko shida zuwa Yamai. Ita ba ta aiki da awa, sai ta sa aka mayar mata da shi salloli. Aka ce zangon farko kamar daga asuba ne zuwa bayan azahar. Shi ne ta ƙudurta za ta nuna musu tana iyawa.

Na kawo mata kunu a faranti, ta ce jirgin nan akwai rowar sukari. Na yi ta dariya, don ni wasa na ɗauka. Da hantsi ƙafafunta suka cika silifas, numfashinta ya yi nauyi, wasan ya fita daga raina. Mamana ta roƙe ta, ta ƙi. Baba ya dawo ya durƙusa gabanta yana cewa, "Inna, don girman Allah ki tashi." Ba ta dube shi ba. A zaune ta yi azahar, ta shafa addu'a, sannan ta ce, "Sani, je ka gaya wa likitan naka na sauka Paris."

Da aka kwance gyalen ta kasa miƙewa. Ɗaukarta aka yi zuwa mota, ta kwana biyu a asibiti. Bayan ta dawo ba ta ƙara tambayar nisan ko'ina ba. Ta buɗe akwatinta, ta rabar da tsarabar da ta tara wa mutanen gida. A cikin sanyin shekarar ta rasu, aka binne ta nan Virginia. Allah ya jiƙanta.

Yanzu nakan bi hanyar nan a jirgi ina barci, har in yi ƙorafin abinci. Bara a Maradi ƙanwar Inna, tsohuwa tukuf, ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko garin namu da nisa. Sai na tuna Inna ɗaure a kujerar nan. Ga mai lafiya, kwana ɗaya ne kawai.