Baba Lazarus da Akwatin da Aka Shafe da Fenti

Ƙarfe bakwai na safe Baba Lazarus yake fitowa daga unguwar Federal Low-Cost a kan kekensa, da tsumma a aljihu. Wuraren 'yan gwangwan yake zagayawa, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ba ya saye, ba ya sayarwa, babu kuma wanda ya sa shi. Shekara talatin ya yi yana kula da ma'ajiyar makamai a soja, don haka in ya ga tsohon akwatin ƙarfe sai ya durƙusa ya karanta abin da ke jikinsa: haruffa, shekarar ƙira, launin layin fenti. Da su yake gane me aka taɓa zubawa a ciki. An daɗe ana masa kallon wanda zaman fansho ya gundura. Ni ma na yi masa, kuma yau ina jin kunya.

A shagon Bamanga mai walda a unguwar Manawashi na daina yi masa wannan kallon. Yana gyara irin waɗannan akwatuna ya sayar wa iyayen 'yan makarantar kwana, kuma da kaya sun iso baƙin fenti yake fara shafa musu, don kada tsatsa ta kori mai saye. Wata rana ina shagon, akwai guda da murfinsa ya ƙi buɗuwa. Har ya kunna wutar yankan ƙarfe sai ga Baba.

"Kashe wutar nan, Bamanga."

"Haba Baba Soja! Gobe Madam Hilda za ta kai 'yarta makaranta, na yi mata alkawarin akwatin nan."

"Me aka rubuta a jikinsa?"

"Ina na sani? Na shafe."

Baba bai taɓa akwatin ba. Ya kwanta rub da ciki, ya leƙa ta gefe, inda haruffan da aka buga a ƙarfen suka ɗan taso ƙarƙashin fentin. Da ya miƙe sai ya kore mu duka daga layin, ya kira masu kwance bam, ya tsare hanya. Awa uku yana tsaye a rana, Bamanga na ta masifa wai an kashe masa kasuwa. Tsohon bai matsa ko taku ɗaya ba.

Da masu kwance bam suka buɗe, gurnetoci ne a ciki, tsofaffi, sun girmi Bamanga. Da aka gaya masa, a ƙasa ya zauna.

Kai ne, Baba, ka ajiye kaki ba ka ajiye aikin ba. Gwiwoyinka sun fara gajiya, mun gani, kuma ka ce ba za ka huta ba sai kowane shago ya sami mutum ɗaya da ya iya karanta alamun nan. To, 'yan gwangwan da masu walda, ku je ku koya tun yana iya durƙusawa. Ku duba kafin ku shafa fenti, abin da ba ku gane ba, ku kira hukuma.

Mun gode, Baba Soja. Yau da safe na wuce ta Manawashi, Bamanga na nan da ransa, yana ta faɗa da maƙwabcinsa a kan wurin ajiye babur.