Jan Fenti a Bangon Bappa

Kafin a fara kirana Injiniya, ni yaron mai fenti ne a bakin tasha a Gombe. A firamare karatuna ya tsaya. Maigidana yana rubuta allon shaguna da bayan manyan motoci, ni ina dama fenti ina wanke buroshi. Ina ci ina ƙoshi, ba wanda ya zalunce ni. Na faɗi wannan tun farko don kada wani yaro ya ce yunwa ce ta sa ni. Son girma ne.

Da ƙaramin abu na fara. Nakan rage fenti a gwangwani in cike da kananzir, in sayar da abin da na rage. Maigidana bai gane ba, sai na ɗauka na fi kowa wayo.

Lokacin kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, ko'ina ana yanka sabuwar hanya. Wata rana na ga masu awon hanya sun ja alama da jan fenti a bangon wani gida, layi biyu a gicciye. Ma'anarta gidan ya shiga hanya, za a rushe shi. Kafin fentin ya bushe mai gidan ya fito da zakara a hannu yana roƙo. Ba su karɓa ba, suka wuce. Ni kuwa zakaran na tsaya kallo. Jan fenti ina da shi.

Na sayi kakin gwanjo da hular kwano da igiyar awo. Na koyi karya harshe kamar baƙo daga Ikko. Na fara da Kagarawal, inda ba a san ni ba. Da safe in yi awo, in girgiza kai, in ja alama in ce, "Wanna gida, hanya ya ci." Da yamma in dawo a daidaita. Wanda ya biya, in shafe tasa da farar ƙasa in mayar da ita bangon maƙwabcinsa. Akwai layin da alama ɗaya ta zagaya gidajensa kaf ta dawo inda ta fara. Wani tela da wani mahauci sun daina gaisawa saboda ni. Har rijiyar unguwa na yi wa alama, aka yi karo-karo aka fanshe ta.

Daga keke na koma babur, na kama ɗaki kusa da gidajen Low-Cost cikin ma'aikata. A wurin ɗaurin aure tabarmar gaba ake ba ni. Maigidana na dā ya hango ni a kan babur ya ɗaga mini hannu, na kau da kai.

Sai na zo kan Bappa. Tsohon makiyayi ne a unguwar Bagadaza. Fari ya kashe masa shanu, ya sayar da ragowar ya gina ɗakuna, shi da matarsa Goggo. Saniya ɗaya ta rage musu, da nononta suke ci. Shi ya zo nemana, ya ce an yi wa gidansa alama. Da na je na duba, na san ba tawa ba ce. Akwai lamba a ƙarƙashinta, ga turakun awo a ƙasa. Ta gaskiya ce, kuma da wannan lambar za a biya shi diyya. Na san haka sarai.

Ya ce, "Injiniya, ka taimake ni. Ban san kowa a gari ba."

Na ce, "Baba, wanna babba aiki. Sai oga na Bauchi ya ci."

Daga bayan zana Goggo ta ce masa da Fulatanci kada ya taɓa saniyar. Ina jin ta, don uwata ma Bafulatana ce, amma na ci gaba da naɗe igiyata. Ya ce mata ta yi shiru, maza suna magana.

Ranar kasuwa ya sayar da saniyar ya kawo mini kuɗin. Na shafe alama da lambarta, na tuge turakun. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana cewa, "Useko, useko," wato na gode.

Da masu biyan diyya suka zo, lamba suka bi, suka tsallake gidansa. Maƙwabta suka karɓi nasu suka tashi, shi yana yi musu jaje. Ranar da katafila ta iso ya tsaya a ƙofa yana nuna farin bango, yana cewa Injiniya ya shafe. Ma'aikatan suka yi ta dariya, suka ce wane Injiniya? Goggo ƙwaryarta kawai ta samu ta fitar.

A ranar aka kama ni. Da marin farko na ɗan sanda Hausata ta miƙe. Tela da mahauci a kan keke ɗaya suka zo kotu ba da shaida. Aka ɗaure ni shekaru. A kurkuku ni ke fitar da bokitin bayan gida, fursunoni suna ce mini, "Injiniya, auna mana shi tukuna."

Da aka sake ni na tuba, na koma wanke buroshi a ƙarƙashin yaron da ya zo bayana a shagon. Na daɗe kafin na iya zuwa Bagadaza. Aka ce mini Goggo ta rasu a ɗakin aro. Bappa na same shi a bakin sabuwar kwalta, inda gidansa yake a dā, da tsakar rana, yana tufka igiyar shanu ta sayarwa. Na tsaya a gabansa na faɗi ko ni wane ne, na roƙi gafara.

Ya dube ni ya ce, "Ashe Hausarka ta warke."

Na ce, "Bappa, ka yafe mini."

Ya dubi ƙafafuna ya ce, "A ɗakin Goggo kake tsaye. Cire takalminka."

Na cire. Kwaltar ta yi zafi kamar tanda. Na tsaya, shi kuma ya ci gaba da tufka. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, har aka kira la'asar ya tashi ya tafi.

Ku yara, ku ji ni da kyau. Ɗauri yana ƙarewa, nawa ya ƙare. Kada ku tsaya lissafin ko za a kama ku. Ranar da mutum ya riƙe hannunku yana godiya alhali kun san cutarsa kuke yi, ku mayar masa da abinsa nan take. Ni ban mayar ba. Har yau idan aiki ya bi da ni ta wannan hanya, sauka nake yi daga keke in wuce wurin da takalmina a hannu. Yara suna yi mini dariya, ban taɓa korarsu ba.