Jakin da Ya Ƙi Tafiya a Kwamfuta

Ranar wata Laraba, a daminar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare, Baba ya jingine fartanyarsa a ƙofar ajinmu ya shigo, ƙafarsa duk laka. Lokacin maimai ne a gona, gero ya kai gwiwa, ni kuwa kullum da yamma ina wajen koyon kwamfuta. Sharaɗinsa ɗaya: ya gani da idonsa, in babu amfani, gobe in koma gona.

Kwamfuta uku ce a makarantar, muna karɓa-karɓa. Malam Bitrus, mutumin Tsanyawa, shi ya koya mana zane mai motsi. A saman fuskar kwamfutar akwai layin lokaci, an yanka shi gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida da hotonsa. In kana son zanen ya tsaya, sai ka danna gidan, ka buɗe mataimakin manhajar, ka zaɓi umarni daga jeri, ita ta rubuta maka. Ni jakinmu na zana, ɗauke da damin gero, zai taso daga gona ya tsaya a bakin rumbu. Saura kawai in sa masa "tsaya" a gida na ƙarshe.

Na sa, na kunna, jaki ya ƙi ɗaga ƙafa. Na sake, shiru. Wani daga baya ya ce, "Jakin su Sani ko a kwamfuta ma taurin kai gare shi." Aji ya kwashe da dariya, Baba ya fara duban ƙofa. Malam ya matso, na roƙe shi ya bar ni. Da na ƙura ido sai na ga jan layin da ke bin gidajen ya maƙale can hagu. Ashe ni da na saba da rubutun allo, daga dama na fara ƙirga, ƙarshena shi ne farkonsu. Tun bai taka ba na tsayar da shi. Na cire umarnin na mayar da shi dama. Jaki ya taho tiƙis-tiƙis, ya ja ya tsaya daidai bakin rumbu.

Baba ya sa aka sake har sau uku, sannan ya ce, "To, wannan ya fi namu jin magana. Ka riƙa zuwa, ni na ji da gonar."

Yau riɗi nake loda wa manyan motoci a Ɗambatta, 'ya'yana kuma a waya suke haɗa irin wannan kafin a sauke tuwo. Baba ya rasu. Na yi cinikai masu daɗi, amma babu wanda ya kai tafiyarmu gida a yammacin nan, yana tambayata ko za a iya sa jakin ya kaɗa kunne. Ban ƙara jin girma irin na ranar ba.