Malamar da Ta Katse Min Waya

Ranar da labarin rasuwar 'yata ya iso ni, da Turanci ya zo. Ina tsugune ina wanki waya ta yi ƙara, na ɗauka da hannun kumfa. Mijinta ne. Ba yarenmu ɗaya da shi ba, tun da suka yi aure suka tafi can nesa da Turanci suke zaman gidansu. Yana magana yana kuka, ni kuma ina ta cewa, “Ba ta wayar mana!” Da na rasa yadda zan yi, sai na ruga ko takalmi babu, na hau benen saman shagon magani inda Malama ke koyar da matan unguwa Turanci. Ta karɓi wayar ta saurara, ta sallami ɗalibanta, ta zaunar da ni a benci. Sannan ta faɗa min, babu kwana-kwana.

A kan wannan matar nake rubutu yau, kuma raina a ɓace yake.

Da safe yara take koyarwa a firamare. La'asar na yi za ka hango ta da jakarta, alli ya ɓata mata gefen mayafi, tana hawa benen nan tana dafa bango. A tsakiya take tsayawa ta yi wa matakala faɗa, ta ci gaba. Ajin ba wani aji ba ne: allo tsagagge, tsohuwar safa ta goge shi, da fanka mai ƙara ba iska. Ɗalibanta mu ne, mai ɗinki, mai kitso, matar direba, duk mun haura shekarun makaranta. Ba ta fara wa kowa da baƙaƙe. Tambaya ɗaya gare ta: me ya faru jiya? Ki lalubo 'yan kalmominki ki faɗa, kina tsayawa ta ce, “Sai me?” Ki ƙara, ta sake cewa, “Sai me?” Har ki ji kamar ki jefe ta da takalmi. Shi ya sa a bayan idonta Malama Sai-Me muke ce mata. Amma mai kitso tana nan da ranta, ku tambaye ta. Da bakinta ta zayyana wa baƙon likita yadda ciwon ɗanta ya fara, daki-daki, ba ta nemi tafinta ba.

Ni ba son karatu ne ya kai ni ba. 'Yata ta bar yarinya ƙarama wadda ba ta jin Hausa. Uban zai kira ya miƙa mata waya, in ce, “Ƙawata, kina lafiya?” Sai numfashinta nake ji, can ta mayar wa uban. Kiran ya fara ja baya. Na ga yarinyar nan za ta tashi ba ta san ni ba, ba ta san uwarta ta taɓa zama yarinya mai rashin ji kamarta ba. Duk duniya ni kaɗai na riƙe wannan, idan na tafi ya tafi.

Na sami Malama na ce, “Ki taimake ni, ina faɗa kina juya mata.”

Ta ce, “A'a, Yaya.”

“A'a kamar yaya? Bakinki zai ƙare ne?”

“Sai ta saba da muryata ta bar taki. Ni ce kakar? Ga benci nan, zauna.”

Wallahi na zage ta a raina har gida. Washegari na dawo, don ba ni da wata hanya.

Na sha wuya a hannunta. Harshena ya ƙi lanƙwasa, tsofaffin banzan nan suna min dariya ina musu. Wata rana ta rubuta wata kalma a allo, wai da ita Turawa ke cewa mutum ya ba da labari, da ita kuma suke maganar abin da ya haɗa wannan da wancan. Na ce ta riƙe kalmarta, ni yarinya nake nema ba kalma ba. Ta ce, “To kawo labari ɗaya na uwarta. Ba na kuka ba.”

Na kawo na ranar da 'yata, tana ƙarama, ta cusa kanta tsakanin ƙarafan taga don ta leƙa mai sayar da balan-balan, kan ya ƙi fitowa. Wata da watanni muna tisa shi, har matar direba ta haddace.

Ranar da uban ya kira, a ajin nake. Ya miƙa wa yarinyar wayar, na fara. Na faɗi taga, na faɗi balan-balan. Na kai daidai inda kan ya maƙale, kunnuwa sun tokare, uwarta tana ihu, sai matar nan ta miƙo hannu ta katse wayar!

“Malama, kin haukace ne? Kin san tsawon lokacin da na yi ina jiran kiran nan?”

Ta ce, “Bar uwar a tagar.”

Na kwashi jakata na sauka. Na rantse ba ni ba benen nan. Ban ci abincin kirki ba, ina ganin ta yanke min ɗan zaren da ya rage.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Ba muryar uban ba ce. Wata 'yar siririyar murya ta ce, “Kaka?” Sannan ta yi tambaya da Turanci, kuma na gane ta ba wanda ya juya min, don ita ce tambayar da aka yi ta azabtar da ni da ita: sai me? Na faɗa mata yadda muka shafa sabulu ya ƙi, muka shafa mai ya ƙi, har sai da aka kira mai walda ya buɗa ƙarfen. Ta ƙyalƙyale da dariya. Dariyar uwarta ce sak. Na zauna a ƙasa.

To yanzu gwiwoyin Malama sun gaza benen. Mai ginin ya ce ma ajiyar kwalaye zai mayar da ɗakin. Manyan unguwa suka taru suka yi dogon jawabi, suka ba ta agogon bango. Agogo! Matar da ta daina zuwa ko'ina, lokacin me za ta duba? Ba wanda ya ce ga ɗaki a ƙasa, ba wanda ya ce zai karɓi allin. Ga masu digiri nan fal a layinmu, Turanci kamar su zubar, ba su taɓa zaunar da tsohuwa ɗaya sun tambaye ta me ya faru jiya ba. Ku ji kunya ku tashi mana!

Malama, mai taurin kai, ke ce kika faɗa min labari mafi muni a rayuwata ba ki ɓoye komai ba. Ke ce kuma kika ƙi ara min bakinki har na samu nawa. Har yau ban ce miki kin yi daidai da kika katse wayar nan ba, kuma ba zan ce ba. Amma na gode. Allah Ya sassauta miki gwiwoyin nan, Ya saka miki da alheri.

Ƙawata kullum take kira yanzu, in ta dawo daga makaranta. Ina ba ta labarin uwarta da gurgun Turancina, tana gyara min. In na kai inda ya fi daɗi, sai in ce sai gobe, in kashe wayar da hannuna. Jiya a kan bishiyar mangwaro na bar uwarta, mai gonar yana tahowa.