Rumfar Ledar Gini a Bakin Bahar

Abubuwa da yawa na Jidda sun fara ɓace mini, ko lungun gidanmu na unguwar Karantina sai na yi tunani kafin in tuno shi. Amma ranar da na yi wa kakata rumfa da ledar gini, wannan kam ko na tsufa ba zan manta ba.

Lokacin ban daɗe da cika ashirin ba, ina bin kawuna aikin gini. Kaka kuma ta yanke shawarar komawa Damagaram gaba ɗaya, saura kwana uku jirginta ya tashi. Sai ta ce abu ɗaya take so kafin ta tafi: a kai ta bakin bahar ta wuni. Kuma can kudu take so, inda babu jama'a. Mushkilar ita ce bai fi wata guda da yi mata aikin ido ba, likita ya ce ba ita ba rana. Kawu ya ce in babu inuwa babu tafiya, halas, magana ta ƙare.

Na ce a bar mini.

A ginin da muke aiki akwai ragowar wata farar leda mai kama da takarda, wadda ake naɗe bango da ita don kar danshi ya shiga. Mai ginin ya ce mu kwashe. Ba ta da nauyi, ruwa ba ya ratsa ta, sai dai ƙara, ko ƙuda ya sauka a kanta sai ka ji. Na taɓa ganin bidiyon wani Bature yana yin tanti da irinta. Gaskiya rabinsa na kalla. A lokacin gani nake rabi ya ishi mai kai irina.

Na yanko falle biyu na kai wa yayata mai ɗinki. Ta murza ta ce, "Kai, wannan fa ba yadi ba ne."

"Ke dai haɗa su, Yaya. Ki matse ɗinkin sosai."

"To, injiniya."

Ta matse kuwa. Ni kuma na gasa ƙusa na huda gefuna inda igiya za ta bi, na yanko bututun roba guda huɗu dogaye.

Da safe muka shiga motar ɗaukar kayan Kawu, mu huɗu har da Yaya. Na kafa rumfata tana kallon ruwa, tsayinta har Kawu yana shiga bai sunkuya ba. Aka shimfiɗa wa Kaka tabarma. Na ja baya na ɗauki hoto da waya, har uku.

Bayan azahar iskar teku ta taso. Duk ɗan Jidda ya san iskar nan, ni ma na san ta, kawai ban sa ta a lissafi ba. Rumfar ta kumbura, ta yi ta ƙara kamar ana harbi. Huda ɗaya ta ɓalle, ta biyu ta bi. Sai ɗinkin tsakiya ya tafi fiii daga sama har ƙasa, don allurar keke ta riga ta jera mata ƙananan ramuka kusa da kusa. Rana ta faɗo kan Kaka. Yaya ta yi maza ta rufe mata fuska da mayafi.

Kawu ya ce, "Yalla, a kwashe kaya. Injiniya ya gama da mu."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Daga cikin mayafi Kaka ta ce, "Ba inda za ni."

"Inna, likita fa ya ce..."

"Likitan ne ya haife ka? Zauna." Sai ta juyo inda take jin numfashina. "Kai maigida, aikin ke nan? Ka kawo amaryarka jeji ka shanya ta? Jeka ka samo mini duwatsu masu santsi, kamar goro, guda shida."

Idonta a rufe ta ba da umarnin komai. A ɗauki babban fallen. A cusa dutse ta ƙasa, a dunƙule ledar a kansa, a shaƙe wuyan da igiya, ba huda ko ɗaya. A cire bututu biyu, sauran biyun a rage su rabi. A juya wa iska baya, a binne gefen cikin rairayi. Turaku ba sa kama rairayi, a ɗaura igiya a tsakiyar guntun bututu a binne shi a kwance.

Na ce, "Kaka, ai za ta yi ƙasa da yawa."

"Iska ba a yi mata tsaye, yaro. Kwantar da kai ake yi ta bi ta sama."

Abin da muka gama ba shi da kyan gani, sai da rarrafe ake shiga. Amma iska ta yi ta bi ta kai tana wucewa. Kaka ta buɗe fuska. Ta ƙofar ana hango ruwan ta gefe.

Yaya ta ce, "Kaka, a ina kika koyi wannan?"

Ta ce a hanya. Ita da marigayi kakanmu da ƙafa suka taso, suka ratsa Cadi da Sudan, kusan shekara biyu, suna tsayawa suna aikin gona. Zanenta ne ɗakinsu. Sannan ta ce da 'yarsu ta fari suka shiga jirgin ruwa, tana goye, zazzaɓi a jikinta. Su biyu suka sauka a Jidda.

Kawu ya zuba mata ido. Ya san yana da yaya da ta rasu a hanya, amma bai taɓa sanin a ruwa aka sa ta ba.

"Kowa nawa yana da kabari, na bi su duka na yi sallama," in ji ta. "Ita ce kawai ta rage."

Ta ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a, mu ma muka ɗaga. Ba wanda ya sake maganar tafiya sai da rana ta yi sanyi, ita da kanta ta ce, "To, halas. Mu je gida."

Shekara ashirin ina kwana ina tashi gida ɗaya da matar nan, abin da na sani game da ita bai wuce maganinta da irin shayin da take so ba. Har ta ce a kai ta bakin ruwa, ba wanda ya tambaye ta dalili, muka ɗauka sha'awar tsofaffi ce. Saura kaɗan girman kaina ya hana ta sallama da 'yarta. Tun daga ranar, in tsoho ya roƙe ni abu, kafin in tashi da rawar jiki sai na zauna na tambaye shi me ya sa, kuma yaya yake so a yi. In kana da tsohuwa a gida, yau ka tambaye ta yadda aka yi ta zo inda take.