Jar Motar da Aka Ƙera a Karantina

Ina shanya a saman rufin gidanmu a Karantina, unguwarmu ta baƙi a ƙasar Larabawa, da hantsi, na hango wani abu ja a tsakar gidan maƙwabcinmu. Gidan ba a saba ganin komai a cikinsa ba sai tsofaffin tayoyi da gwangwanayen fenti, shi ya sa jan ya tsaya mini a ido. Hancin mota ne shi kaɗai, an jingine shi da bango, da ramuka biyu inda fitilu za su zauna. Na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen zanin Umma har ruwansa ya gama zuba a ƙafata.

A lokacin na kusa haddace littattafan soyayyar da mahajjata ke kawo mana daga Kano, waɗanda ake aro gida-gida har bangonsu ya yage. A cikinsu duk namijin kirki da jar mota yake zuwa, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga gida. Mu kuwa a layinmu ko motar ruwa sai ta yi da gaske take shigowa. To ga shi Allah ya kawo jar mota bayan katangarmu, ko da yake hancinta kawai na gani.

Maƙwabcin namu samkari ne, mai gyaran jikin mota idan ta bugu, Bahaushen Sudan, ba ya son yawan magana. A kasuwar gwanjo ya ci karo da akwatunan katako uku da wani injiniya Bature ya bari da zai koma ƙasarsu. Jikin mota ne gunduwa-gunduwa, da littafi mai zane-zane da ke nuna yadda ake ɗora shi a kan gindin tsohuwar mota. Ba zan ɓoye ba, motar ce ta sa na fara kallon mutumin. Amma da aka zo neman aurena, hannuwansa na tuna, yadda yake shafa ƙarfe idonsa a rufe yana neman inda bai yi sumul ba. Na amsa. Kayana ta kan katanga aka miƙa wasu.

Gindin ya samo shi a tashlih, inda ake farfasa matattun motoci, na irin ƙaramar motar nan mai doron kunkuru da inji a baya, kuma da takardarsa lafiya lau. Littafin ya ce sai an yanke taƙi biyu daga tsakiya, a haɗa gaba da baya, kafin sabon jikin ya zauna. Daidai wurin yankan, ƙarƙashin kujerar baya, nan ne lambar da aka buga a jikin ƙarfen tun daga masana'anta, wadda da ita hukuma ta san motar. Maigidana ya san haka sarai. Ya ce ba zai sa zarto ba sai ya je ofishin murur, masu kula da motoci da hanya, ya nemi izini a rubuce.

Sai ya faɗi wannan magana a gaban yayana.

Yayana mu'aƙƙib ne, mai bi wa mutane takardu a ofisoshi. Haka dai yake kiran kansa. Farar jallabiya mai sitaci, biro uku a aljihu, jakar fata a hammata wadda ban taɓa ganin ya buɗe ta ba. Tun muna yara bai taɓa ɗaura ko ƙwan fitila ba. Idan ya fita daga layinmu Hausa ta bar bakinsa, tsohuwa za ta gaishe shi a ƙofar ofis ya amsa mata da Larabci yana kallon wani wuri, kamar ba tuwon Umma ne ya yi masa wannan wuyan ba.

Ranar Juma'a ce, muna cin abinci a gidan Umma. Yayana ya ajiye cokali ya yi dariya.

"Ya mu'allim, wa ya gaya maka ana tambaya kafin a yi? Ka je ka ce za ka yanka mota, su ce a'a, halas, ka rufe wa kanka ƙofa. Gama abinka tukuna. Idan tana sheƙi, ni zan shigar da ita."

Maigidana ya ce, "Yaya, lambar ce nake ji."

"Lamba tana cikin kwamfuta, ya shehi! Wa zai durƙusa yana leƙen ƙarƙashin kujera? Ina da mutum a can, tare muke shan shayi."

Maigidana ya girme shi da shekara huɗu, amma Yaya yake ce masa, kuma ba ya haɗa ido da shi. A wurinmu miji ba ya musu da yayan matarsa, balle a gaban uwarta. Umma ta ce, "Ka ji abin da yayanku ya ce, shi ya san takardu." Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce to. Ni ma ban hana ba. Motar nake so da wuri, kuma izini a kunnena ya yi kama da wata shida na jira.

Washegari maigidana ya yanka. Guntun ƙarfen mai lamba ya naɗe shi a tsumma ya ɗora a saman kwaba. Bayan sati biyu yayana ya zo ya karɓa, wai zai nuna wa mutumin nasa.

Shekara uku motar ta ci. Kullum idan ya dawo daga gareji bayan la'asar sai ya yi awa ɗaya ko biyu a kanta. Ni na ɗinka rigunan kujerun, baƙaƙe da jan zare. Tun ba ta da tayoyi nake shiga in zauna da littafina, in ɗora ƙafa a inda totur zai kasance, ina ganin kaina a bakin teku, iska tana wasa da gefen mayafina, shi kuma yana faɗa mini irin kalmomin da na san ba zai taɓa iya faɗa ba. Ranar da injin ya fara tashi, matan layi suka leƙo ta kan katanga, wata ta rangaɗa guɗa. Yayana a shekara ukun nan sau biyu ya shigo tsakar gidan, duka biyun yana tattare jallabiya kar ta taɓa mai.

Sai aka wayi gari an rubuta wa bangonmu kalma da jan fenti, kamar yadda aka yi wa duk unguwar: a tashi, za a rushe. Gidan da muka samu can kudancin gari hawa na uku ne, ba tsakar gida, ba gareji. Mota kuwa idan ba ta da lamba a gaba da baya, kwana kaɗan za ta yi a bakin titi a liƙa mata takarda, a zo a ɗauke. Ko dai ta sami lamba kafin ranar tashi, ko mu rabu da ita.

Muka ɗora ta a kan sataha, motar ɗaukar motoci, muka nufi fahas, wurin da ake gwada mota kafin a yi mata rajista. Na ce sai na je, ba wanda ya iya hana ni. Yayana ya zo da sabon rawani ja da fari, da abokansa biyu daga wurin mai shayin da yake zama a unguwar Kurayyat. Tun a hanya suka fara. Ɗaya ya ce da baƙa aka yi ta da ta fi kwarjini. Ɗayan ya ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa ya ce shi ya taɓa ganin irinta a wurin wani attajiri, amma waccan ta fi tsawo. Mutanen da ko sifana ba su san ta wane gefe ake riƙewa ba.

Da aka sauke ta, layin masu jiran gwaji ya watse. Direbobi suka bar motocinsu suka kewaye ta da wayoyi. Maigidana ya koma gefe yana goge hannunsa a wando, ko da yake ba komai a hannun. Yayana kuwa ya jingina da ƙofarta, ya gyara rawani, yana amsa tambayoyi da Larabci.

"Wallahi mun sha wahala a kanta," na ji yana cewa. "Shekara uku ba hutu."

Mai gwajin wani mutum ne siriri cikin kayan aiki shuɗi, da tocila a aljihu. Aka hau da ita kan na'urar birki, ta wuce. Fitilu suka wuce. Hayaƙi ya wuce. Aka leƙa ƙarƙashinta daga rami, ba ɗigon mai ko ɗaya. Sai mutumin ya karɓi takarda, ya karanta, ya dubi motar, ya sake karantawa. Takarda ta ce mota mai rufi, mai kujera huɗu, tamu kuwa ba haka take ba. Ya buɗe ƙofa, ya durƙusa da gwiwa biyu, ya ɗaga darduma, ya haska.

Ya daɗe a durƙushe. Ya shafa wurin da yatsa.

"Wa ya yi wannan walda?"

Maigidana ya ce shi ne.

"Masha Allah, ko tabo babu. To ina lambar?"

Mutumin ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce da an zo kafin a yanka, akwai hanya, ana neman izini a duba a rubuta. Yanzu shi ba zai iya cewa wannan ƙarfen shi ne na wannan takarda ba. Ya ce ko guntun da aka yanke in yana nan, a kai wa murur tare da takarda, wataƙila su duba, bai yi alkawari ba.

Duk muka juya muka kalli yayana. Ya riga ya kara waya a kunne, yana ɗaga mana hannu wai mu dakata. Ina tsaye kusa da shi, ina ganin fuskar wayar baƙa ƙirin.

Na ce, "Yaya, ina mutumin naka?"

"An mai da shi wani gari. Jiya-jiya na ji."

"Ƙarfen fa?"

"Wane ƙarfe?"

"Wanda ka ɗauka a saman kwabata, naɗe a tsumma."

Ya shiga shafa aljihu, kamar ƙarfe mai taƙi biyu zai ɓuya a bayan biro. Ɗaya daga cikin abokan nasa ne ya fasa ƙwai, yana dariya don bai san nauyin abin ba. Wai ai wannan ƙarfen tun tuni yayana ya bar shi a wurin mai shayi, mai shayi ya tokare ƙafar murhu da shi, da aka fara rusau kuma masu tara ƙarfe suka kwashe har da murhun.

Da Hausa na yi masa, da ƙarfi, a gaban duk waɗanda yake yi wa Larabci. Na ce shekara uku mutum yana goga ƙarfe har zanen yatsunsa ya shafe, kai aikinka ɗaya, ka riƙe guntu a jakar da ba komai a cikinta, ka kasa. Na ce mutumin da kake shan shayi da shi ko sunansa ka sani? Na ce ga wanda ka ce ba zai durƙusa ba, dubi gwiwarsa.

"Uskuti, ke! Yi shiru, mutane na ji."

"Su ji. Ka fassara musu, tunda kai ne Balarabe."

Sai maigidana ya matso ya ce a hankali, "Bari haka. Yaya ya yi iya ƙoƙarinsa."

Wannan ta fi komai ƙona ni. A littattafaina, a irin wannan wuri namiji yana cakumar wuyan riga. Nawa kuwa ya je ya ba yayana haƙuri a kan maganata, ya kuma tsayar masa da tasi, shi da abokansa. Kwana uku ban dafa masa abin da yake so ba.

Maigidana ya je murur sau biyu shi kaɗai, da takarda da littafin zane-zane da hotunan da ya ɗauka yana aiki. Aka saurare shi da mutunci, aka maimaita masa abin da mai tocila ya faɗa. Saura kwana huɗu mu tashi, wani mai wurin shaƙatawa a bayan gari, inda ake kama wuri don biki, ya saye ta, ya aiko da sataha. Yana ɗaya daga cikin waɗanda suka gan ta a waya. Na ji an ajiye ta a bakin ƙofa ƙarƙashin dabino, an cire mata batir, amare suna zama a kan kujeruna ana ɗaukarsu hoto. Maigidana bai taɓa zuwa ya gan ta ba. Ni na je sau ɗaya, bikin 'yar wata ƙawata, na bi ta ƙofar baya.

Yayana kuwa, bayan shekara biyu kafilinsa, wanda ya tsaya masa yake zama a ƙasar, ya rufe kamfani. Kowa ya gaya masa ya nemi wani kafilin ya mai da iƙamarsa, takardar izinin zama, kafin ta mutu. Ya ce bukra, wato gobe, yana da mutum. Aka tare shi a wani bincike a hanya, mai takardun mutane, tasa ta wuce da wata bakwai. Aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba sai a fasfo. Yanzu yana da ɗan shago a can, da allo rubuce da Larabci, yana ba masu zuwa Umara shawara a kan takardu, suna ce masa Shehi. Duk azumi yana turo saƙon murya, ba ni ba, maigidana, a aika masa da dabino da turaren wuta mai kyau. Maigidana yana aikawa.