Ranar Da Malam Iro Ya Yi Wa Kwamfuta Sallama

Ba na jin zan taɓa manta ranar da Malam Iro Baduku ya zo shagonmu da tabarma. Dab da ƙarshen shekarun casa'in ne, ina akawun buga takardu a wani shagon waya kusa da Ƙofar Doka. Maigidana Alhaji Tanimu ya jona mana intanet ta layin tarho. Kwamfuta ɗaya ce tal, sai ta gama kuka kamar akuyar da aka ɗaure kafin ta kama. Yawancin masu zuwa ba su iya bugawa ba, su faɗa da Hausa ni in buga da Turanci, saboda haka sirrin rabin birni yana cikina.

Cikinsu akwai Nura ɗan Malam Iro, ɗan sakandare da ƙwallo ta cinye wa kai. A dandalin hira ya gamu da wani mai kiran kansa Koci, wai zai kai shi Turai. Da farko dariya abin ke ba ni. Ranar da mutumin ya rubuto cewa Nura ya hau mota ya same shi Legas ran Asabar, kuma kada kowa a gida ya ji saboda mahassada, sai na daina dariya. Na gaya wa Alhaji, ya ce ba ma tona asirin mai ciniki, amma wannan ɗan maƙwabci ne, in je in sami ubansa.

Da na je na gaya masa, na zaci Nura zai sha duka. Malam Iro ya ajiye fatar da yake ɗinki, ya ce, "Shi mutumin, ta wace ƙofa ya shigo?"

Washegari sai ga shi da babbar riga, da tabarma, da goro, Nura na biye kamar an jiƙa shi. Ya tuɓe takalmi, ya sa na sauko da kwamfutar ƙasa, wai ba a ganawa da baƙo yana bisa tebur. Ya yi mata sallama, ya jira. Na ce ai sai na buga. Ya ce to in buga duka: gajiya, iyali, aiki, da ruwan Legas. Layin na jan ƙafa, ni ina gumi. Koci ya rubuto, wai wane ne wannan. Malam ya girgiza kai, ya ce tun nan an ga tarbiyya.

Sai ya shiga bincike irin na birni. Wane ne mahaifinsa? Wace unguwa? Wane dattijo ne zai tsaya masa? Koci ya ce ba shi da lokaci, a dai turo yaron. Sai Malam Iro ya ce da ni:

"Malam Akawu, gaya masa ni zan kawo shi da kaina, tare da kawunsa ɗan sanda. Ya faɗi gidan da za mu sauka."

Na buga. Nan take sunan Koci ya ɓace daga allo. Malam ya ce mu ba shi uzuri, ƙila alwala ya tafi. Muka zauna har aka kira la'asar. Nura na hawaye, ni kuwa dariya da tausayi sun haɗe mini. Uban ya dafa kan yaron ya ce, "Da alheri yake nufinka da shi, da ta zaure zai biyo." Ya naɗe tabarma, ya bar goron a kan kwamfuta, wai in baƙon ya dawo a ba shi. Ni na ci.

Tun ranar Alhaji ya juya allon ya fuskanci ƙofa, kuma yaro ba ya hira da wanda iyayensa ba su sani ba. Na koyi cewa aikinmu ba buga haruffa kawai ba ne, tsaron ƙofar gidajen mutane ne.

Kwanan baya Nura, da furfurarsa, ya kawo mini wayar 'yarsa, wani yana damunta da saƙonni. Kafin in buɗe baki ya ce, "Baba Akawu, duba mini ta wace ƙofa ya shigo."